Neman shawara: tankin asid mai shimfiɗar roba a ciki

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni ɗan sufuri ne a Tahoua, na daɗe ina jigilar man fetur da siminti, amma ban taɓa ɗaukar asid ba. Kwanan baya na sayi tanki na hannu mai cin lita 20,000 wanda aka shigo da shi daga Amurka. A farantin ƙarfen da ke gefensa an buga DOT 412, wato lambar da Amurka take bai wa tankunan ɗaukar asid da makamantansa, cikinsa kuma an shimfiɗe shi da baƙar roba. Wani ɗan kasuwa a Yamai yana so in riƙa kawo masa asid iri biyu daga tashar jiragen ruwa ta Lome, wato haidirokulorik da kuma salfurik mai ƙarfin kashi 98 cikin ɗari, kowane da tafiyarsa. Da na haska cikin tankin na ga robar ta kumbura wuri biyu kusa da murfi, makanikena kuwa ya ce a liƙe da gam ɗin faci. Shin tanki ɗaya zai iya ɗaukar duka biyun, kuma facin zai riƙe?

Amsar wani injiniya da ya yi aiki a ma'adinan Arlit:

Wa'alaikumussalam Alhaji. Kada ka zuba salfurik mai ƙarfin 98 a wannan tanki ko da sau ɗaya ne, domin ƙone robar zai yi ta zama kamar gawayi. An shimfiɗa ta ne saboda irin su haidirokulorik, wanda yake cin baƙin ƙarfe da alminiyam, har ma da ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa. Salfurik mai ƙarfi kuwa, abin mamaki, a tankin baƙin ƙarfe tsurarsa aka saba ɗaukarsa, saboda da ya taɓa ƙarfen sai wani siririn ɓawo ya fito a bangon ya hana shi ci gaba da ci. Amma wannan kariya tana nan ne muddin ruwa bai shiga ba. Idan yaron mota ya wanke tankin ya bar sauran ruwa, ko murfi ya yi yoyo da damina, asid ɗin zai tsarma, ya yi zafi, ya ci ƙarfen, ya kuma haifar da iskar haidurojin wadda ƙyastu ɗaya ya ishe ta ta fashe. Saboda haka tambayar farko ga mai kaya ita ce sunan asid da ƙarfinsa, a rubuce cikin takardar bayanin haɗari ta masana'anta.

Amsar wani mai garejin gyaran tankuna a Yamai:

Alhaji, makanikenka ya san taya, amma wannan ba aikin faci ba ne. Kumburin nan yana nuna robar ta rabu da ƙarfe, kuma mai yiwuwa asid ya riga ya ratsa yana ci ta ƙarƙashi. Dokar Amurka, inda aka ƙera tankin naka, ta wajabta a binciki shimfiɗar sau ɗaya kowace shekara, a rubuta wata da shekara tare da harafin L a jikin tankin, don haka duba ka ga yaushe aka yi na ƙarshe. Ana bin robar ne da na'ura mai tartsatsin lantarki, duk inda akwai huda, ko ta kai ƙanƙantar bakin allura, tartsatsin zai bi ta ya sami ƙarfe. Wurin da ya lalace a yanke shi, a duba ƙarfen da ke ƙasa, a auna kaurinsa, sannan a mayar da roba irin ta asali. Kada kuma kowa ya kusanto da wutar walda ta waje, zafin yana ɓanɓare robar ta ciki ba tare da an gani ba. A duba famfo da tiyo ma, don sau da yawa nan yoyo yake farawa.

Amsar wani tsohon direba:

Ni dai nauyi zan tuna maka. Lita ɗaya ta salfurik mai ƙarfi kilo 1.84 ce, wato cikon tankinka ya doshi tan 37, alhali haidirokulorik bai wuce kamar tan 23 ba. Doka mai lamba 14 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta shekarar 2005, wadda ta ƙayyade nauyin manyan motoci, tana jiranka a ma'aunin nauyi. Ka kuma sa allo mai ruwan lemo gaba da baya, 80 a sama, 1789 a ƙasa idan haidirokulorik ne. Ta salfurik 1830 ce. Da wannan lamba jandarmomi da ƴan kwana-kwana za su san abin da ke ciki in tsautsayi ya afku.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Na duba, rubutun L na ƙarshe ya kusa gogewa don tsufa. Zan gaya wa mai kayan ya nemi wata mota domin salfurik ɗin. Malam mai gareji, kana da na'urar tartsatsin nan a wurinka, in turo tankin Yamai mako mai zuwa?