Togo ta shiga AES, ko ta tsaya inda take?

Malam Habibu, Maraɗi: Assalamu alaikum jama'a. Tun watan Janairun 2025 ministan harkokin wajen Togo, Robert Dussey, ya ce shigar ƙasarsa ƙawancen ƙasashen Sahel na AES, wato na Mali da Burkina Faso da Nijar, ba abu ne da ba zai yiwu ba. Ni dai ra'ayina ta daina jan ƙafa, ta shiga. Mali da Burkina Faso da Nijar duk ba su da teku, ita kuwa Togo tana da tashar jiragen ruwa mai zurfi a Lome. Lokacin da CEDEAO, wato ECOWAS, ta ƙaƙaba mana takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wa ya saurare mu in ban da jagoran Togo, Faure Gnassingbé?

Hajiya Rabi, Kano: Wa alaikumus salam, Malam. Kada mu manta wa ya kafa ECOWAS ɗin. Janar Gowon da Eyadéma, mahaifin Faure, su suka bi ƙasashe suna tallata ta har aka sa hannu a Legas a 1975. Bankin zuba jari na ƙungiyar a Lome yake, hedkwatar Ecobank ma can take. Ƙasa mai mutum miliyan takwas da wani abu ba za ta tsallake wannan duka ta tafi ba.

Alhaji Ɗanladi, Zangon Lome: Ku bar ni in sa baki, don a bakin tashar nan nake neman abincina. Malam Habibu, a da ta Kwatano kuke bi, kaya su hau ta Malanville su tsallaka gada zuwa Gaya. Da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, aka koma tsallakar da mutane a kwalekwale. Shi ya sa kwantenoni suka karkato Lome. Amma a tambayi direba abin da yake gani. Daga nan sai Sinkase, a shiga Burkina, a bi Wagadugu, a tsaya a Kaya ana jiran rakiyar sojoji, sannan Dori, Tera, kafin Yamai. Na san yaran da ke kwana ƙarƙashin mota mako da makonni suna jiran ayari ya tashi, shinkafar mutane na shan rana, kuɗin guzuri na ƙarewa, ga tsoron nakiya a hanya. Ko gobe Togo ta sa hannu a takardar AES, wannan hanya ba za ta gajarta ba. Kaya suna wucewa yanzu ma ba tare da ta shiga ba. To me shigar za ta ƙara wa ɗan kasuwa?

Malam Habibu, Maraɗi: Tsaro, Alhaji. 'Yan bindigar da ke addabar Burkina ai sun sauko arewacin Togo. A Mayun 2022 sun kashe sojoji takwas a Kpékpakandi, har aka sa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes. Wanda gobara ta kama gidan maƙwabcinsa, da maƙwabcin zai ɗebo ruwa.

Alhaji Ɗanladi, Zangon Lome: Haka ne, Allah ya jiƙansu. Sai dai haɗa kai da sojan Burkina a kan iyaka bai buƙaci a bar CEDEAO ba.

Malama Zainabu, Zariya: Ni ina bayan Alhaji, amma ta wata fuskar. Ƙimar Togo a yau daga tsayuwarta a tsakiya take. Da Mali ta tsare sojojin Kodebuwa 49 a Bamako a Yulin 2022, Faure ne ya shiga tsakani; aka saki mata uku a Satumba, sauran 46 aka yi musu afuwa a Janairun 2023, kuma ta Lome suka bi suka koma gida. A Nuwamban 2023 hukumomin sojan Nijar da kansu suka nemi Togo ta zama mai shiga tsakaninsu da ƙasashen duniya. A Afrilun 2025 Tarayyar Afirka ta damƙa wa Faure sulhun rikicin gabashin Kwango. Tun 1999 ma a Lome aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiyar Saliyo. Ranar da Togo ta ɗauki ɓangare, Abuja da Abijan za su daina ɗaukar maganarta a matsayin ta mai sulhu, kuma Nijar ce za ta fara rasa mai kai mata saƙo.

Isa, ɗalibi, Yamai: Da izininku, Inna Zainabu. Wannan tsakiyar da ake yabo, ni ina ganin neman riba ce ta kowane ɓangare. A Disamban 2017, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ƙuri'a kan matakin Amurka na ɗaukar birnin Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila, ƙasashe tara kacal suka ƙi amincewa da ƙudurin yin watsi da matakin, Togo ce kaɗai daga Afirka. A 2022 ta shiga Commonwealth tare da Gabon. Yau kuma tana kusantar AES. Sannan a gida, an canza kundin tsarin mulki a 2024, Faure da ke kan mulki tun 2005 ya koma shugaban majalisar ministoci, muƙamin da ba shi da iyakar wa'adi. Maganar AES ɗin nan, ba don CEDEAO ta yi shiru a kan haka ake ɗaga ta ba?

Malama Zainabu, Zariya: Batun Ƙudus ya yi mini ciwo ni ma, Isa, ba zan kare shi ba. Amma in zarginka gaskiya ne, ya rushe maganar Malam Habibu: ke nan Togo ba ta da niyyar shiga, ciniki take yi da zancen.

Malam Habibu, Maraɗi: Ko ciniki ne, Malama, mu ta ƙofarta abincinmu ke shigowa, kuma ina so a ɗaure wannan da yarjejeniya, kada wata rana Lome ma ta rufe.

Alhaji Ɗanladi, Zangon Lome: Wannan tsoron naka gaskiya ne, Malam. Amma in farashin shinkafa a Maraɗi ne damuwarka, Faure ya sasanta Yamai da Kwatano a buɗe gadar Gaya. Zan yi asarar wasu masu saye, na yarda, amma yaran nan za su huta da hanyar Dori.