A rufe ruwa wata biyu, ko a bar masunta su nemi abinci?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan Isha'i na faɗi wata magana a majalisa aka yi mini ca, to bari in maimaita ta a nan. Ni a ganina gwamnati ta riƙa hana kamun kifi wata biyu duk shekara, lokacin da kifi ke zuba ƙwai, daga teku har ruwayenmu na nan. Gana ta yi shekaru tana ɗaure manyan jiragen kamun kifi a Yuli da Agusta.

Hajiya Ladidi: Wa alaikumus salam. Malam, ina Zariya ina teku? Ni da suyar kifin nan a Tudun Wada nake biya wa marayu huɗu kuɗin makaranta. A rufe wata biyu, su ci me?

Alhaji Garba: Hajiya, ai tekun yana cikin kaskonki. Titus ɗin da kike ɗauka a wurina a Sabon Gari daga ƙasashen Turai irin su Nowe da Holan ake kawo shi, a sauke a Legas, mota mai sanyi ta hauro da shi. Da dala ake sayensa. Ƙasar nan tana buƙatar kifi tan miliyan 3 da ɗoriya a shekara, abin da muke samarwa bai kai rabin haka ba. Dalilina na ƙin maganar Malam ke nan. Mai ƙarancin hatsi ba ya rufe rumbu. A hana kamun na gida, kuɗin katan ɗin kifi zai ƙara tashi, talaka ya bar cin kifi.

Bilkisu: Baffa Alhaji, a gafarce ni, ina ganin giɓin nan hujjar Malam ce. A 1992 Kanada ta rufe kamun kifin kod a gaɓar Niyufanlan bayan manyan jirage sun kwashe shi ƙarƙaf. Mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a a lokaci guda, kuma rufewar ta wuce shekara 30. Mu ma muna da doka tun 1992 da ta hana jiragen da ke jan taru a ƙasan teku shiga mil 5 na kusa da gaɓa, don nan ne ƙananan kifi ke girma, nan kuma masu kwalekwale ke cin abinci. Matsalar ita ce gaɓarmu ta kai kilomita 853, wa ke tsaronta da dare? Masu kamun jatan lande kuwa, tarunsu yana haɗowa da 'ya'yan kifi da kunkurun teku, da yawa su mutu a banza.

Baba Isa: Ni ɗana ke rubuta mini. Na haura shekara 40 ina su a kogin Galma. Da can in na jefa birgi da asuba, kafin hantsi na cika kwando da tarwaɗa da karfasa manya. Yau sai in kai azahar da abin da bai wuce tafin hannu ba. Yarinyar nan gaskiya ta faɗa, ruwa ya gaji. Na ga masu jan gidan sauro suna tatse har ƙwai. Na ga wanda ya zuba gamalin, maganin ƙwarin nan, a gurbi, kifi ya taso fari fat, kwaɗi ma ba su tsira ba, shanun Fulani suka zo suka sha. Wannan ko ba doka haramun ne. Amma Malam Sani, ka ce a rufe duka. Mai gona zai koma gona, damina ce. Wanda ba shi da ko kunya ɗaya fa? Wallahi da dare zai shiga ruwa, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Malam Sani: Baba, ai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake duk shekara sai ranar gasa, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru su ɗaga.

Baba Isa: Ka kawo hujjata da bakinka. Matan Fada yanki ɗaya ne aka keɓe, sauran kogin a buɗe yake. Kuma Sarkin Ruwa ne ke tsaronsa, mutumin da ya san kowane masunci da ubansa. Takardar da aka rubuta a ofis ba ta san gurbin da tarwaɗa ke haihuwa ba. Ni na sani. A zo a tambaye mu, mu nuna fadamun da za a bari su huta, a ƙona gidan sauro, a ƙayyade idon taru.

Bilkisu: Baba, abin da ake nufi da keɓe yankin teku ke nan. Kifin da ya hayayyafa a ciki yana fantsama zuwa inda ake su. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na kare halittu da aka yi a birnin Mantiriyal na Kanada a 2022, ƙasashe sun amince a kare kashi 30 cikin 100 na teku kafin 2030. Tun 2023 kuma muna da ma'aikatar tarayya ta harkokin teku. Ni dai a fara da manyan jirage, su ke da jarin jure wata biyu.

Alhaji Garba: Na yarda da hana guba da gidan sauro. Rufewa kam ban yarda ba, sai na ga an rage tsadar abincin kifi, masu kiwon kifi a Samaru da Shika sun cike giɓin.

Malam Sani: To na janye "duka". Watannin damina kam ina nan a kansu, ko da gurabun haihuwa ne kawai.

Hajiya Ladidi: Har yanzu ba wanda ya ce mini wa zai ciyar da gidan mai kwalekwale a watannin nan.

Baba Isa: Ranar Asabar bayan sallar Asuba ku same ni a bakin gadar Galma. Malam, ka zo da Bilkisu, ta auna abin da birgina zai fito da shi.