Lasisin injiniya tsakanin Kalifoniya da Teksas: wa ya fi tsauri?

Injiniya Sagir: Assalamu alaikum. Masu aiki a jihohin nan biyu na Amurka, a taimaka. Injiniyan gine-gine mai lasisin PE (lasisin ƙwararren injiniya) na Teksas, me zai tarar in ya nemi na Kalifoniya? Kowane ɓangare cewa yake ɗayan ne mai sakaci.

Injiniya Hauwa: Wa alaikumus salam. Jarrabawar FE (ta matakin farko) da ta PE duk NCEES, hukumar jarrabawar injiniyoyi ta ƙasar, ke shirya su, ba a maimaitawa. Ya buɗe fayil a NCEES, a haɗa takardun karatu da shaidar waɗanda ya yi aiki a ƙarƙashinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne Kalifoniya na da ƙarin jarrabawa biyu, ɗaya kan girgizar ƙasa, ɗaya kan safiyo, kuma daɗewa da hatimi ba ya ɗauke wa kowa su. Ta girgizar ƙasa ce ke kayar da 'yan Teksas. Sun saba lissafin ƙarfin iska, wanda ya danganta da faɗin jikin gini, alhali ƙarfin girgiza da nauyin ginin yake tafiya, da irin ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Wanda bai laƙanci jadawalan ASCE 7, littafin ƙa'idojin lissafin nauyin da gini zai ɗauka, ba, lokaci zai ƙare masa yana neman shafi. Ginin asibiti da makarantun gwamnati kuwa sai mai lasisin SE, na injiniyan tsarin ƙarfin gini. Tsaurin kan makarantu ya faro ne daga girgizar Long Beach ta 1933.

Malam Nasiru: Hajiya, a faɗi ɗaya gefen mana. Mai digirin da ABET, hukumar tantance kwasa-kwasan injiniya, ta amince da shi, aikin shekara 2 ya ishe shi a Kalifoniya, Teksas kuwa sai 4. Teksas na neman awa 15 na ƙarin ilimi duk shekara, awa ɗaya kan ɗa'ar aiki. Kamfani ma a Teksas sai ya yi rajista, lambarsa ta fito a kan zane tare da hatimin injiniya. Baƙi na yawan manta wannan.

Injiniya Usman: Abin da ke cin kuɗi ba lasisi ba ne, dokar muhalli ce. CEQA, dokar muhalli ta Kalifoniya wadda aka kafa a 1970, tana bai wa maƙwabta damar kai ƙara kan rahoton tasirin aiki, sai aiki ya tsaya cak ana biyan ruwan bashi. Man fetur ɗin Kalifoniya ma haɗi ne na musamman, shi ya sa matata ɗaya in ta tsaya farashi ke tashi. Da Tesla ta mayar da hedkwata Teksas a 2021, wannan aka yi ta yi wa 'yan Kalifoniya gori da shi.

Injiniya Hauwa: Gorin ai ba ya ƙarewa. A 2000 zuwa 2001 Kalifoniya ta ɗora ɗaukewar wutarta kan 'yan kasuwar lantarki irin su Enron ta Teksas. A Fabrairun 2021 sanyi ya durƙusar da layin lantarkin Teksas na ERCOT, wasu 'yan siyasa suka ɗora laifin kan injinan iska. Binciken FERC, hukumar makamashi ta tarayya, ya nuna kaso mafi girma na matsalar daga ɓangaren gas ne: rijiyoyi da bututu sun daskare, haka ƙananan layukan na'urorin awo a tashoshi, don ba a naɗe su ba kuma ba a sa musu wayar ɗumamawa ba.

Malam Nasiru: Sagir, in digirin daga wajen Amurka ne, ka fara da tantance shi a NCEES kafin ka biya kuɗin kowace jarrabawa.