In dambu ya yi yawa, ba ya jin mai: ina ya shiga rabon aiki?

Baban Khadija: Jama'a, wannan karin maganar ta dace da shugaban shagon ɗinki a cikin azumi. A ce tela shida ne, kowa na iya gama kaftani biyu a rana, ƙarfin shagon 12 ke nan. In oga ya rubuta "gaggawa" a kan leda 40, telan da ya zo da safe bai san wacce zai fara buɗewa ba, sai ya ɗauki mai sauƙi. Man a nan shi ne hannun ma'aikata. Mataki uku sun isa: ja ga wanda za a karɓa yau ko gobe, rawaya ga na wannan mako, kore ga sauran. Ja kada ya wuce abin da shagon zai iya gamawa a rana ɗaya.

Maman Iman: Malam, ban yarda da fassarar ba gaba ɗaya. Karin maganar a kan yawan dambun take, ba a kan wanda za a fara zuba wa mai ba. Ko ka jera ledojin da kyau, in ɗinkin ya fi ƙarfinku, wani zai yi Sallah da tsohuwar riga. Abin da take koyarwa shi ne a rufe karɓar aiki. A lissafa kwanakin da suka rage, a ninka da 12, a cire na kwana biyu saboda rashin wuta da lalacewar inji. In an kai adadin, a ba mai kaya haƙuri tun a bakin ƙofa.

Baban Khadija: Gaskiyarki, Hajiya, amma ko an rufe, dole wani ya riga wani hawa keke.

Ɗan Fagge: Ku duka kun bar abu ɗaya. Ranar karɓa kaɗai ba ta isa ma'auni ba. Babbar riga da za a karɓa nan da kwana 10 tana iya zama ja yau, domin sai an yanka an kai wa mai aikin wuya, shi kuma yana da nasa layin, sannan ta dawo a haɗa, a buga. Kaftanin da ba shi da aiki zai iya jira. Tambayar ita ce: wane aiki ne in ya tsaya, wani ma'aikacin zai zauna ba aikin yi? Nan "ba a fafe gora ranar tafiya" ta fi dacewa. Haka gyaran keke, sayen allura, zare da maɓalli: ba mai kira a waya yana neman su, shi ya sa ake mantawa sai ana gobe Sallah.

Malama Hauwa: Ɓarnar da ta fi yawa ita ce mai ɗaga murya ya samu ja. Tela ya ajiye rigar da ya kai rabi, a sauya zare, yankakkun hannuwa su cakuɗe da na wani. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da mataki, a rubuce a allo inda kowa ke gani. In sabon ja ya shigo, oga ya faɗi wanne zai koma rawaya, kuma shi da kansa zai kira mai kayan, kada ya bar wa yaron shago.

Maman Iman: To kayan biki fa, Malama? Ranar ɗaurin aure ba ta matsawa.

Malama Hauwa: Su ja ne tun kwana uku kafin ranar, don a samu damar gwaji da gyara.