Fijo 504: ruwa na shiga baƙin mai bayan canja gasket

Mai Farar 504:
Assalamu alaikum. Fijo 504 ce salun, haɗin Kaduna, mai injin 2.0, ana farfaɗo da ita bayan ta daɗe a ajiye. An sauke top silinda an sa sabon gasket, amma har yanzu baƙin mai yana komawa kamar madara, ruwan lagireto kuma yana raguwa. Bakanike ya ce a sake kai top ɗin a wanke fuskarsa, wato a kankare ta da inji ta miƙe. Anya nan matsalar take? Sannan ina so a cire kwantak, wato abin da ke katse wutar fulogi a cikin distributa, a sa na lantarki, ko akwai illa?

Ɗan Kakuri:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a sake taɓa top ɗin, tambayi bakaniken abu ɗaya: ya juya injin lokacin da top yake a sauke?

Injin 504, ko mai 1796cc ko mai 1971cc irin naka, silib ɗinsa, wato bututun da fistin ke kai-kawo a ciki, ba a manne suke da bulok ba. Zura su ake yi, ruwa na zagaye su, kowanne kuma yana zaune a kan wani siririn gasket a gindinsa. Top silinda ne kaɗai ke danne su. Da an ɗaga top a tsaye, ko an juya karanshaf babu abin da ya riƙe su, sai silib ya motsa, tsatsa da laka su faɗa ƙarƙashinsa, ruwa ya sami hanya kai tsaye zuwa kaskon mai. Ko gasket goma aka canja a sama ba zai tsaya ba. Shi ya sa ake girgiza top ɗin gefe har ya saki kafin a ɗauke, nan take kuma a danne silib da manyan wasa (faifan ƙarfe masu huji) da ƙusoshi.

Gwajin ba wuya. A zubar da mai, a kwance kaskon ƙasa, a cika lagireto, a ba shi iska da famfon gwaji, a haska da tocila daga ƙasa. In ɗigon daga gindin silib yake gangarowa, magana ta ƙare: sai an fito da duka huɗun, an kankare mazauninsu tas, an sa sababbin gasket na gindi. Suna zuwa da kauri daban-daban, domin dole bakin kowane silib ya ɗan ɗara fuskar bulok da abin da bai wuce kusan 0.1mm ba. Da agogon awo ake duba wannan, ba da farce ba. In ya nutse, gasket na sama ba zai kama ba.

Oga Mai Sufana:
Maganar Ɗan Kakuri haka take. Abin da zan ƙara, top ɗin alminiyom ne, kuma kowace wankewa tana rage masa kauri, matsin injin ya ƙaru, ya fara ƙwanƙwasa. A ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a fuskarsa tukuna, in bai lanƙwashe ba a ƙyale shi. A duba kuma ramukan ruwa, don ruwan rijiya zalla yana cinye bakinsu. Ƙusoshin top ɗin guda goma ne, daga tsakiya ake fara ɗaurewa a yi waje, da sufana mai awo. Bayan kilomita 1,000 a sake ɗaurewa injin na sanyi, a sake saita bawul: na shiga 0.10mm, na fita 0.25mm.

Ni dai a zafin Arewa cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har sai injin ya yi zafi, nake ba da shawara.

Ɗan Kakuri:
A nan kam ban bi ka ba, Oga. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan fetur, yana tara danshi a mai, zoben fistin ya riƙa ci da wuri. In 504 na zafi, a fara da fankar. Mai maganaɗisu ce, sai ruwa ya yi zafi take kamawa, kuma ɗan gawayin da ke kai mata wuta yakan cinye. Sai lagireton da ya toshe. Ruwan ya kusa lita 8, a sa ruwan sanyaya inji na gaske. Bayan wannan gyara a zuba lita 4 na mai mai araha, a bar injin ya yi zafi, a zubar, sannan a sa 20W-50 da sabuwar filta.

Lantarki Zalla:
Kan kwantak, babu illa, har ma ka huta da saita 0.40mm kowane lokaci. Amma a girgiza sandar distributa tukuna, in tana wasa sai an gyara ta, na lantarkin ba ya maganin wannan. A tabbatar kwayil ɗin ya dace da abin da takardar kayan ta ce, don kwayil mai ƙarancin turjiya yana ƙona na lantarkin, haka ma juya wayoyinsa biyu. Wajen saita wuta a tuna Faransawa daga baya suke ƙirga silinda, ta ɗaya ita ce ta kusa da giya, jerin kuma 1-3-4-2. Tsohon kwantak da kwandansa (condenser) a ajiye su a mota, in na lantarkin ya mutu a hanya ba ya gyaruwa.

Mai Farar 504:
Na gode ƙwarai. Na tambaye shi, ya ce ya juya injin don goge kan fistin. Gasket na gindin silib ɗin, a Panteka zan nema ko sai Ƙofar Ruwa?