Kullen Korona a Kano: Kowa Ya Kawo Baitinsa

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum jama'a. Na buɗe fage kan kullen da aka yi mana a Kano a 2020. Ƙwar huɗu ce, kowane baiti ya sauka da "na". Mai yabon gwamnati da mai kuka da ita duk bismilla, zagi ne kawai ba ma so.

Ran 11 ga Afrilu labari,
Ya iso cewa cuta ta shigo gari,
Kwana 5, ba wani dogon shiri,
Aka ce kulle, umarnin gwamna.

Mako guda aka ce, mu daure,
Sai Abuja ta zo ta ƙara ɗaure,
Kurmi shiru, ƙyaure bayan ƙyaure,
Ga azumi ya kama, ga zafin rana.

Ni ban musa cuta ba, 'yan uwa,
Amma ɗan dako na bakin kasuwa,
In bai fita ba, ba abin dafawa,
Wa ya tuna da shi kafin a ce ya zauna?

Malamin Gwale:
Ɗan Kurmi, kar ka auna da rabin mudu,
Annobar ta game Arewa da Kudu,
Ba shugaban da ya san inda za a gudu,
Ko Ingila sai da ta rufe shaguna.

Filin ƙwallo na Ƙofar Mata,
Ya zam cibiyar killace masu cuta,
Gidauniyar Ɗangote ce ta kafa ta,
Ga ta Kwanar Dawaki, ba ƙari a zancena.

Gida 50,000 a karon fari,
An ware musu shinkafa da mai da gari,
Litinin da Alhamis aka sassauta ɗauri,
'Yankaba da 'Yan Lemo suka ci da rana.

'Yar Fagge:
Malam, Allah ya ƙara maka lafiya,
Gida 50,000 a jihar gaba ɗaya?
Mu a layinmu ba mu ga ko ƙwaya,
Takardar ma ba ta ɗauko sunana.

(A baitin nan na haɗiye "ba" ɗin ƙarshe don amsa-amo, a yi haƙuri. Kuma a tuna, ƙananan hukumomi 44 ne suka raba wannan adadi.)

Litinin ɗin ma na je 'Yankaba,
Kafaɗa da kafaɗa, baya da gaba,
Takunkumi a haɓa, ba a hanci ba,
Awa 6 ga gari guda, to tazara ta ina?

Mai shagon layinmu shi ya yi ƙoƙari,
Ta taga yake miƙo shinkafa da sukari,
Ya rubuta bashi, ba faɗa ba gori,
Kunun buɗa-baki kuwa na maƙwabtana.

Na Goron Dutse:
Ku ajiye zancen shinkafa tukuna. Gidanmu ba nisa da maƙabartar Ɗandolo.

Makara na shiga, makara na fita,
Diga da shebur sun rasa ranar huta,
Dattawa, malamai, masu sarauta,
Masu haƙa su ne suka fara magana.

A lokacin ɗakin gwaji yana rufe,
Na Asibitin Malam, dare da safe,
Ƙananan asibitoci da yawa sun lafe,
Mai ciwo ya rasa likitan da za su gana.

Aka ce mana hawan jini ne da suga,
Sanƙarau da maleriya su ma sun shiga,
Mu dai muna lissafi da ƙarar diga,
Sai watan Yuni alƙaluma suka bayyana.

Ministan lafiya ya ce 979,
A ƙananan hukumomi 8 aka ɗau makara,
Kashi 50 zuwa 60, ya ƙara,
Ana jin da hannun korona.

Shi ma wannan lissafi ba daga gwajin gawa ya fito ba. Iyalan mamatan aka bi ana tambayarsu yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Da ɗakin gwajin na aiki a makon da ake ta mutuwa, da ba a tsaya musu ba.

Malamin Gwale:
Allah ya jiƙan su, amma a faɗi namu,
"Babu korona" waƙar wa? Ta yaranmu,
Ana kulle ana ƙwallo a lungunanmu,
Har sai da kotun tafi-da-gidanka ta zauna.

Tsohon Almajiri:
Almajirai fa? Ba wanda ya ambata,
An loda su a bas, da roba da 'yar buta,
Wasu sai da suka sauka aka gano cuta,
Jigawa, Katsina, har Kaduna.

Da an tsai da su nan, ba a ɗau hanya,
An ware mai ciwo an yi masa jinya,
Da mun tsira daga wannan kunya,
Ta aika cuta garuruwan da ke zaman lumana.

Ɗan Kurmi:
Na Goron Dutse, ka sa jikina ya yi sanyi. Ga nawa na ƙarshe.

An yi Idi, amma babu Hawan Daushe,
Sai 2 ga Yuli kulle ya zo ƙarshe,
Na buɗe rumfa, jari an ci tun yaushe,
Da bashin yayana na tayar da shagona.

'Yar Fagge:
Malam, saura kai, batun almajirai,
Ka kare kulle, mun ji ka sarai,
Kar ka ce mana data ta ƙare dai,
Kawo baiti, ina jira, a nan zan kwana.