Lebura a bayan katafila: abin da muka gani da idonmu

Mai tuƙa gireda (injin baje ƙasa da daidaita hanya), Tawa:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa aikin hanya ya faɗi abin da ya gani game da inji mai ja da baya, ni kuma zan fara da nawa. A 2017, lokacin da ake gyaran titunan gari saboda bikin ranar Jamhuriyar Nijar da aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, na dawo daga sallar azahar na tayar da gireda, har na sa giyar baya, sai na hango wata mai sayar da ruwa tana ɗaga mini hannu tana kururuwa. Da na sauko, na tarar da lebura biyu suna barci a inuwar tayoyin baya, ɗaya ma ya yi matashi da hular kwanonsa. Injin gireda a bayan direba yake, yana tare ido, madubi kuwa ba ya nuna wanda ke kwance a ƙasa. Tun daga ranar ban sake tayar da inji ba sai na zagaye shi da ƙafa na leƙa ƙarƙashinsa.

Mai kafa turakun awo, hanyar Konni:
Maigida, Allah ya tsare gaba. Ni abin da ya kusa halaka ni shi ne sabo da ƙarar gargaɗi. Injin daddaɓe ƙasa rabin aikinsa da baya yake yi, saboda haka ƙarar ba ta yankewa tun safe har la'asar, har kunne ya daina ɗaukarta da muhimmanci. Wata rana cikin hunturu na naɗe kunnuwa da rawani saboda ƙura, ina tsugune ina buga turke, ban ankara ba sai da na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin gwiwata. Na yi tsalle gefe, gudumata kuwa ta shige cikin jar ƙasa, sai da aka haƙo ta.

Shugaban lebura, Yamai:
Ƙanena, ka auna arziki. A wurinmu mutum ɗaya tak ke ba direba hannu, sanye da riga mai ƙyalli, yana tsaye a gefen da direba ke ganinsa, kuma da zarar ya ɓace daga madubi, direba ya taka birki ba tare da jiran kowa ba. Na kuma hana amsa waya kusa da inji, ko da sun ce na cika tsanani.

Tsohon lebura, Tawa:
Malam, da mun samu irinka da ban rasa yatsu uku na ƙafar hagu ba. Tifa ce ta taka ni tana ja da baya za ta juye tsakuwa, mutum biyu suna ba direba hannu, kowa da nasa umarnin. Da na nemi diyya sai na gano mai kwangilar bai yi mini rajista a hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa (CNSS) ba.